Lidwina ta Skidam: Shekara Talatin da Takwas a Kan Gadon Jinya

A cikin matan da tarihin ikkilisiya ya adana sunayensu, akwai waɗanda aka san su saboda doguwar tafiyar da suka yi domin bishara, akwai kuma waɗanda aka san su saboda makarantu da asibitocin da suka kafa. Lidwina, 'yar garin Skidam a ƙasar Holan, ba ta cikin waɗannan ko waɗancan. Mafi yawan kwanakinta a duniya ta yi su ne a ɗaki guda, a kan gado guda, cikin ciwon da likitocin zamaninta suka kasa gane kansa. Duk da haka sunanta bai ɓace ba har yau, kusan shekara ɗari shida bayan rasuwarta. Masu bi suna tunawa da ita saboda haƙurinta da jinƙanta ga matalauta. Likitoci kuma suna ambatonta saboda wasu daga cikinsu suna ganin ita ce ɗaya daga cikin mutanen farko da aka rubuta labarinsu masu fama da cutar jijiya da ake kira maltiful sikilerosis, wadda ake taƙaitawa da MS. Tarihinta yana da amfani ga kowane gida da ke da mace kwance, ko wadda ƙafa da hannu suka fara ƙi mata.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Lidwina a ranar Lahadin Dabino, cikin watan Maris na shekarar 1380. Skidam a lokacin ƙaramin gari ne na masunta da 'yan jirgin ruwa, kusa da birnin Rotadam. Mahaifinta Bitrus talaka ne, mai gadin gari da dare. Sunan mahaifiyarta Fetronela. 'Ya'ya tara suka haifa, takwas maza, Lidwina kaɗai ce mace. Saboda haka tun tana ƙarama aikin gida ya hau kanta: ita ce mai taya uwarta girki da wanki, ita ce mai kai wa 'yan'uwanta abinci.

Waɗanda suka rubuta tarihinta sun ce yarinya ce kyakkyawa, mai fara'a, mai son shiga majami'a ta yi addu'a duk sa'ad da aka aike ta ta bi ta wajen. Tun ba ta gama girma ba masu neman aure suka fara zuwa wurin mahaifinta, amma ta nuna ba ta da niyyar aure, tana so ta keɓe kanta ga Ubangiji. Uwarta ta goyi bayanta a bar ta tukuna, mahaifin kuwa bai tilasta mata ba.

Faɗuwa a kan ƙanƙara

A ƙasar Holan sanyin hunturu yakan yi tsanani har ruwan koguna da magudanai ya daskare ya zama ƙanƙara mai tauri, wadda mutum zai taka ba ta fashe ba. Mutanen ƙasar sukan ɗaura wani ƙarfe siriri a ƙarƙashin takalmi, su riƙa zamiya a kan ƙanƙarar, wasu don wasa, wasu don saurin tafiya. A farkon watan Fabrairu na shekarar 1395, Lidwina tana gab da cika shekara 15, ƙawayenta suka ja ta zuwa wannan wasa. Ba ta daɗe da tashi daga wani rashin lafiya ba, jikinta bai gama ƙwari ba. Suna cikin wasa sai ɗaya daga cikin 'yan matan ta taho a guje ta yi karo da ita. Lidwina ta faɗi a kan tarin ƙanƙara, ƙashin haƙarƙarinta na dama ya karye.

Karayar haƙarƙari ba abin da ke kwantar da matashiya har abada ba ne, kowa ya zaci makonni kaɗan za ta miƙe. Amma ƙurji ya taru a wurin karayar ya ƙi warkewa, kuma bayansa wasu alamu suka biyo, waɗanda ba su da alaƙa da ƙashi. Tafiya ta fara yi mata wuya. Ciwon kai mai tsanani ya riƙa kama ta, da wani zafi mai sara kamar walƙiya a fuska da haƙora. A shekarun farko takan zagaya cikin gida tana dogara sanda, ko tana tura 'yar kujera a gabanta, daga baya sai da rarrafe. Kafin ta cika shekara 20 ƙafafun sun daina ɗaukarta. Sannu a hankali hannun dama ya mutu, ido ɗaya ya daina gani, ɗayan kuma ba ya jure haske, har sai an rufe taga. Fuska ta karkace, haɗiyar abinci ta zama wahala. Wani lokaci ciwon yakan lafa ta sami sauƙi, sa'an nan ya dawo ya tarar da ita a inda bai taɓa ba a da.

Iyayenta, da talaucinsu, sun nemi magani iyakar ƙarfinsu. A cikin likitocin da suka duba ta har da Godfiri na birnin Heg, wanda yake likitan fadar masu mulkin Holan. Bayan ya gwada ta ya faɗa wa iyalin gaskiyar abin da ya gani: ciwon ya fi ƙarfin ilimin da likitoci suke da shi, kuma ci gaba da sayen magunguna ba zai ƙara kome ba sai tsiyata mahaifinta. Maganar tana da ɗaci, amma ta tsare gidan daga hannun masu cin kuɗin marasa lafiya, irin waɗanda ba a rasa su a kowane zamani.

Shekarun ɗaci

Marubutan tarihinta ba su ɓoye cewa haƙuri bai zo mata da wuri ba. Kimanin shekara uku ko huɗu ta yi cikin baƙin ciki. Idan ta ji dariyar sa'o'inta a waje sai ta fashe da kuka, ba mai iya rarrashinta. Masu zuwa gaisuwa suka fara raguwa, gama ciwon da ya daɗe yakan gajiyar da masu dubiya. Wasu maƙwabta suka fara raɗe-raɗin cewa akwai wani zunubi a ɓoye, wasu suka ce aljannu ne.

A cikin wannan hali ne wani firist mai suna Yohanna Pot ya riƙa ziyartarta. Bai yi mata alkawarin warkewa ba, bai kuma tsawata mata saboda kukanta ba. Abin da ya koya mata shi ne ta riƙa tunani a kan shan wuyar Almasihu, tun daga Gatsemani har zuwa gicciye, ta haɗa nata ciwon da nasa. Da farko ta gwada ta ce ba ta ji daɗin kome a ciki ba, ta bari. Ya dawo ya ƙarfafa ta ta sake gwadawa. Ta rarraba labarin kashi bakwai bisa ga sa'o'in addu'a na dare da rana, har ya zame mata kamar agogo. Ta haka ranar da a da ba ta da farko ba ta da ƙarshe ta sami tsari, kuma mai jinyar da take ganin an jefar da ita ta fara ganin tana da aiki a gaban Allah: yin addu'a domin waɗansu.

Ciwon bai ragu ba saboda wannan. Abin da ya sake shi ne zuciyar mai ɗauke da shi.

Ɗakin jinya ya zama wurin taimako

Da labarinta ya bazu, mutane suka fara zuwa daga garuruwa na kusa da na nesa, manya da talakawa, malaman addini da 'yan kasuwa. Wasu sun zo kallo ne kawai, amma da yawa sun zo da damuwarsu, suka tarar da mai sauraro wadda ba ta gaggawar zuwa ko'ina. Takan ji matsalar mutum, ta ba shi shawara, ta yi masa addu'a. Kyautar da masu hali suke kawo mata kuwa ba ta tarawa. Takan aika da nama da burodi da kuɗi ga gwauraye da marasa lafiya da matan da suka haihu ba su da mai taimako, ita kuwa tana kwance a kan shimfiɗar ciyawa. Bayan rasuwar uwarta ma, ɗan abin da ta mallaka ta sayar ta raba. An kuma rubuta cewa da mahaifinta ya tsufa, sanyin gadin dare ya lalata masa yatsan ƙafa, Wiliyam mai mulkin Holan ya yanka masa abin da zai riƙa karɓa kowace shekara saboda darajar 'yarsa.

Ba kowa ne ya yarda da ita ba. Takan ba da labarin wahayin da take gani, kuma an yi ta faɗin cewa kusan ba ta cin abinci. Firist ɗin ikkilisiyarsu na lokacin, mai suna Andiris, ya ɗauke ta mayaudariya, har ya faɗa a gaban jama'a cewa Shaiɗan ne yake ruɗinta. Mutanen gari suka fusata, sai da shugabannin ikkilisiya suka zo suka bincika, suka wanke ta. A shekarar 1421 mahukuntan Skidam suka rubuta takarda da hatiminsu, suka bayyana irin ciwon da take ciki, da gyambunan jikinta, da shaidarsu cewa ta yi shekaru ba ta ci ba ta sha yadda mutane suke yi. Wannan takarda tana cikin abin da ya sa labarinta ya fi na sauran marasa lafiya na zamanin cika da bayani. A 1425 kuma, lokacin da rundunar Filibus na Burgandi ta shiga garin, an rubuta cewa wasu sojoji sun kutsa ɗakinta suka zage ta, suka wulakanta ta, suka ture 'yar ɗan'uwanta Fetronela da ta yi ƙoƙarin kāre ta, har yarinyar ta ji rauni.

Wannan yarinya tana cikin waɗanda ya kamata a tuna da su. Shekara talatin da takwas na jinya ba mutum ɗaya ne yake ɗaukarsu ba. Akwai uwar da ta yi ta wanke ƙyallayen gyambo har ta mutu, akwai ɗan'uwa da iyalinsa, akwai Fetronela ƙarama wadda ta riga gwaggonta rasuwa, akwai kuma ƙaninta Baldwin, yaron da yake kwana kusa da gadon yana miƙa mata abin da take bukata. Ba don su ba, da ba a sami Lidwinar da duniya ta sani ba.

Rasuwarta

A ranar Talata ta makon Ista, 14 ga Afrilu 1433, Lidwina ta rasu tana da shekara 53. Yaron nan Baldwin ne yake tare da ita a sa'ar. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su lura cewa shekarun jinyarta sun yi daidai da na mutumin da Yesu ya tarar a bakin tafkin Betasda a Yohanna sura 5. An binne ta a makabartar majami'ar Yohanna Mai Baftisma ta Skidam, kuma a 1434 aka gina ƙaramin ɗakin sujada a kan kabarinta.

Mutane da dama sun rubuta tarihinta tun a ƙarnin da ta rasu. A cikinsu akwai mai wa'azi Yohanna Burugman, da Tomas na Kempis, wanda aka fi sani da littafinsa a kan koyi da Almasihu. A bugun littafin Burugman na 1498 akwai zanen faɗuwarta, wanda ake lissafa shi cikin tsofaffin hotunan wasan zamiya a kan ƙanƙara. An kai ƙasusuwanta birnin Burasel a 1615, aka mayar da su Skidam a 1871. A 1890 Paparoma Liyo na 13 ya tabbatar da girmamawar da Katolika suke yi mata a matsayin waliyiya, kuma suna tunawa da ita kowace 14 ga Afrilu a matsayin abar koyi ga masu doguwar jinya.

Abin da likitoci suka gano daga baya

Sai a shekarar 1868, fiye da shekara ɗari huɗu bayan rasuwarta, wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana cutar MS a fili a birnin Faris, ya raba ta da sauran cututtukan jijiya. A 1979 kuma wani likitan jijiya ɗan Beljiyam, Robat Medar, ya bi tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi a kan Lidwina, ya nuna cewa alamunta sun yi kama da na wannan cuta: farawa a ƙuruciya, lafawa da dawowa, taɓa ido da fuska da hannu da ƙafa a lokatai dabam-dabam, da tafiya a hankali har tsawon shekaru masu yawa. Akwai likitocin da suka yarda da shi, akwai kuma masu ganin cewa rubutun masu tarihin waliyyai bai isa a yanke hukunci da shi ba. Duk da haka, da wuya a buɗe littafin tarihin cutar ba a ga sunanta a shafukan farko ba.

Yadda cutar take aiki ba shi da wuyar fahimta. Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi suna da wata riga mai kitse da ta lulluɓe su, kamar robar da ke jikin wayar lantarki a cikin gida. Ko da madatsar Shiroro tana ba da wuta sosai, in robar waya ta zaizaye, ƙwan fitila sai ya riƙa kawowa yana ɗaukewa. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce take kuskure ta auka wa wannan riga, ta bar tabo a wurare da yawa. Daga nan ne ake samun dishi-dishin gani, da mutuwar jiki ko jin kamar ana tsira allura, da rashin ƙarfi, da tangaɗi, da wahalar riƙe fitsari, da gajiya mai nauyi wadda barci ba ya kawar da ita.

Ƙididdigar da ƙungiyar MS ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ne suke ɗauke da cutar. Mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40, daidai lokacin aure da goyo da neman abinci. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi, amma likitoci a Nijeriya ma suna samunta. Ba a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, kuma mata da yawa masu ita suna haihuwa lafiya. Har yanzu ba a sami maganin da zai raba mutum da ita ɗungum ba, amma tun daga 1993 ake da magungunan da suke rage yawan tasowarta, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Daga kwanciya zuwa motsi

A zamanin Lidwina ba abin da aka sani a yi wa irin wannan mai jinya sai a shimfiɗa mata gado. An rubuta cewa ta yi fiye da shekara talatin ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Likitocin yau sun san cewa doguwar kwanciya ita kanta ciwo ce: tsoka takan shanye, gaɓoɓi su sandare, ƙashi ya yi rauni, ciki ya ɗaure, fata kuma ta ɓarke ta zama gyambo a inda nauyin jiki yake danne ta. Mai karanta labarin gyambunan Lidwina da idon yau zai ga cewa irin wannan wahala tana cikin abin da ake iya ragewa ƙwarai.

Abin mamaki shi ne, har cikin ƙarni na ashirin likitoci suna hana masu MS motsa jiki. Suna da dalili. A 1890 wani likitan ido ɗan Jamus, Wilhem Utof, ya lura cewa ganin wasu marasa lafiya yakan dushe idan sun yi aikin ƙarfi. Daga baya aka gane cewa ɗumin jiki ne yake jawo haka, domin jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta kai saƙo da kyau in ta yi zafi, kuma da zarar jiki ya huce alamun sukan koma yadda suke. Wato ba sabuwar ɓarna ba ce. Amma kafin a fahimci wannan, an riga an kwantar da mutane da yawa.

Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan hani akwai Jimi Huga, Ba'amurke ɗan wasan sulu a kan dusar ƙanƙara, wanda ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 1964. An gano yana da cutar a 1970, aka ce ya zauna ya huta. Da ya ga zaman yana ƙara kassara shi, sai ya koma motsa jiki a hankali, ya ji amfaninsa, kuma a 1984 ya kafa cibiyar koya wa masu cutar yin haka. A 1996 masu bincike a Jami'ar Yuta ta Amurka, ƙarƙashin Dakta Jak Fetajan, suka buga sakamakon gwajin da suka yi na mako 15, inda masu MS suka riƙa motsa jiki sau uku a mako. An ga ƙarfinsu ya ƙaru, gajiya da baƙin ciki sun ragu. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka, ya kuma nuna motsa jiki ba ya tayar da cutar. A 2020 masana suka ba da shawarar a riƙa nufin minti 150 a mako na motsi, a kai gare shi sannu a hankali, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Ga gidajen da ke da mai jinya

Macen ƙasar Kuta ba baƙuwar aiki ba ce. Ita ce a gonar doya, ita ce a rafi, ita ce mai ɗauko itace a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suka gāda. Idan irin wannan mace ta fara tuntuɓe ba dalili, ko tulu ya riƙa suɓuce mata, ko ta ce ta gaji tun hantsi bai yi ba, abu biyu sukan faru. Ko a ce lalaci ne a ci gaba da ɗora mata kaya, ko kuwa a ce an yi mata jifa, a kulle ta a ɗaki a shiga yawon neman mai karya sammu. Dukansu biyu cutarwa ne. Yesu da kansa, a Yohanna sura 9, ya ƙi yarda a ɗora makantar mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Matakin farko shi ne asibiti. Ba kowace mutuwar gaɓa ce MS ba: shanyewar ɓarin jiki, da tarin fuka na ƙashin baya, da ciwon sukari, da ƙarancin wasu sinadaran abinci duk suna iya kawo alamu masu kama, kuma kowanne da maganinsa. Daga asibitin Kuta ana iya tura mai jinya zuwa manyan asibitocin Minna, ko na Bida da Abuja, inda likitan jijiya zai duba ta, a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka da na'urar MRI in akwai bukata. A nan ne kuma ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi za su tsara mata abin da ya dace da jikinta.

Motsin da ake nufi ba gudu ko tsalle ba ne. Wadda take iya tafiya ta riƙa zagaya tsakar gida na minti biyar, ta huta, ta ƙara kaɗan bayan 'yan kwanaki. Ta zauna a kujera mai ƙwari ta miƙe, ta sake zama, sau biyar ko goma. Ta dafa bango ta ɗaga dunduniya, ta miƙa tsokar ƙwauri da ta cinya a hankali ba tare da fizga ba. Wadda tsayuwa take yi wa wuya ta yi nata a zaune: ta ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta juya ƙafa da wuyan hannu, ta ɗaga hannuwa sama tana jan numfashi mai zurfi. Tsince shinkafa, ɓare gyaɗa, da kaɗa kafaɗa a lokacin waƙar sujada duk motsi ne, ba a raina su. Wadda take kwance kuwa, masu jinya su riƙa juya ta kamar kowace awa biyu, su lanƙwasa mata gaɓoɓi su miƙe su a hankali kowace rana, su zaunar da ita in zai yiwu, su duba bayanta da ɗuwawu da dunduniya don kada gyambo ya fara.

Zafi shi ne babban abin kiyayewa, musamman a watannin Maris da Afrilu. A yi motsin da sassafe ko bayan faɗuwar rana, a inuwa, da ruwan randa kusa da kuma jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya. Idan gani ya dushe ko ƙafa ta yi nauyi, a tsaya a huce. In alamun ba su wuce ba har kwana guda, ko wata sabuwa ta fito, ko akwai zazzaɓi, a dakata a ga likita. Kada kuma a ɗauki labarin rashin cin abincin Lidwina a matsayin abin koyi: mai jinya tana bukatar abinci mai gina jiki, kuma in haɗiya tana yi mata wuya, wannan magana ce ta asibiti.

A nan Zumuntar Mata take da babban rabo. Mai jinyar da aka bari ita kaɗai takan daina motsin cikin mako biyu, amma wadda 'yar'uwa take zuwa kowace safiya ta riƙe mata hannu takan dore. Ana iya raba kwanakin mako tsakanin mata bakwai, kowace ta ɗauki rana guda, ta yi addu'a da ita, ta zagaya da ita, ta kuma ba mai jinyar gida damar zuwa kasuwa ko gona. Dattawan ikkilisiya su duba ƙofar majami'a, ko keken guragu zai iya shiga, su ajiye kujera mai majingini kusa da taga. Maza kuma su tuna cewa alkawarin da suka ɗauka a ranar aure ya haɗa da kwanakin ciwo.

Lidwina ta yi hidimarta da abin da ciwo ya rage mata: kunne mai sauraro, hannun hagu guda, da bakin addu'a. Iyalinta da Yohanna Pot ba su da maganin da za su ba ta, amma ba su bar ta ita kaɗai ba. Gidajen yau suna da abin da su ba su samu ba, wato sanin cewa gaɓar da ake motsawa ta fi daɗewa tana aiki. A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye suka kai shi gaban Yesu. Mace mai wannan ciwo sau da yawa mutum ɗaya ya ishe ta, wanda zai zo gobe da safe ya ba ta kafaɗa ta dafa, su taka daga bakin ɗaki zuwa gindin bishiya.